An ce sai na ba da sunan baban yarana kafin a ba ni tallafi a Amurka, shin dole ne?

"Assalamu alaikum Anti. Ina zaune a Bronx, a birnin New York, da yarana biyu, duk a nan na haife su. Mun rabu da babansu bara. Tuƙin haya yake yi, yakan kawo wani abu in ya samu, wani watan dala 200, wani watan shiru, amma da sallah yana yi musu kaya. Aikin kula da tsofaffi nake yi, aka rage mini awoyi, shi ne na je neman tallafin kuɗi. Sai aka ce dole in ba da sunansa da inda yake, kuma in sa hannu cewa abin da zai riƙa biya na gwamnati ne, in na ƙi za a yanke mini. Danginsa a gida har sun fara cewa zan kai ɗansu ƙara gaban Turawa. Aurenmu a masallaci aka ɗaura, ba mu yi rajista ba. Shin dole ne in yi? In na ƙi, katin abinci da Medicaid (inshorar lafiya ta gwamnati) na yara za su tafi? In kuma na ce ban san inda yake ba fa?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya kawo sauƙi, ya raya miki yaran nan cikin albarka.

In na fahimce ki, kina son sanin ko sharaɗin nan tilas ne, da abin da za ki rasa in kin ƙi, da kuma ko akwai hanyar zillewa ta cewa ba ki san inda mutumin yake ba. Ƙarƙashin waɗannan akwai wadda ba ki yi a fili ba, kuma ina jin ita ce ta fi hana ki barci, wato yadda za ki ci abinci da yaranki ba tare da an ce kin tona wa ubansu asiri ba.

Amsar a taƙaice ita ce, muddin tallafin kuɗi kike nema, sharaɗi ne na doka, ba son ran ma'aikaciyar da kika tarar ba, kuma ba a ɗage shi sai da ƙwaƙƙwaran uzuri, kamar in bin sa zai jefa ki ko yaran cikin haɗari. Sai dai abin da aka ɗora miki bai kai yadda ake tsorata mata da shi ba. An ɗora miki faɗin gaskiyar abin da kika sani da zuwa duk ranar da aka kira ki. Ba a ɗora miki ki sa shi ya biya ba. Aikina raka mata ne zuwa ofishin tallafi da kotun iyali a nan New York, ina yi musu tafinta ina taya su cike takardu. Ni ba lauya ba ce, kuma kowace jiha da nata tsarin, don haka duk inda na kawo adadi na New York, kada wadda take Ohayo ko Jojiya ta ɗauka nata ne.

Inda sharaɗin ya samo asali

Ba za ki gane dalilin da ya sa aka ce kuɗin na gwamnati ne ba sai kin san don me aka kafa ofishin tun farko. Tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya ga iyaye mata marasa hali ya fara ne da dokar 1935, lokacin da yawancin masu karɓa matan da mazajensu suka rasu ne. Da tafiya ta yi tafiya sai masu karɓar suka koma matan da aka saki ko aka gudu aka bari ko ba a aura ba, 'yan majalisa kuma suka fara tambayar me zai sa baitulmali ya ciyar da yaron da ubansa ke raye yana aiki. A watan Janairun 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta wajabta wa kowace jiha buɗe ofishin karɓar kuɗin ciyar da yara, wadda Sanata Russell Long na jihar Luwiziyana ya tsaya kai da fata a kanta. Manufar a lokacin a fili take: a nemo uban, a karɓi kuɗi a hannunsa, gwamnati ta mayar da abin da ta kashe. Takardar da aka ce ki sa wa hannu daga nan ta fito. Kina miƙa wa jiha haƙƙinki na karɓar kuɗin ciyarwa na tsawon watannin da kike cin tallafi.

A ranar 22 ga Agusta 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rushe tsohon tsarin ta kawo TANF, wato tallafin kuɗi na wucin gadi ga iyalai masu yara, wanda ake kai yanzu. Ita ta sa wa'adin wata 60 a kan kuɗin tarayya, ita ce kuma ta ƙara wa sharaɗin haɗin kai haƙora. Ta ce duk wadda ofishin kuɗin ciyarwa ya rubuta cewa ba ta ba da haɗin kai ba, dole jiha ta rage wa gidanta aƙalla kashi 25 cikin ɗari, kuma jihar da ta ga dama tana iya yanke tallafin gaba ɗaya. Jihar da ta yi sakaci da wannan hukunci ita ma ana iya zaftare mata har kashi 5 cikin ɗari na kason da tarayya ke ba ta. To kin ga ma'aikaciyar da ta ce miki dole, ita ma akwai mai tsaye a kanta.

Ra'ayina, tun da kin tambayi wadda take ganin abin kullum, tsarin yana da karkata. Ana tilasta wa matan da suka fi kowa talauci abin da ba a tilasta wa mai albashi, domin mace mai hali ita ke zaɓar ko ta kai maganar ofis ko ta sasanta da tsohon mijinta a gida. Kuma tallafin kansa ya ƙanƙance ƙwarai. A 1996, cikin kowane gida 100 masu yara da ke fama da talauci, 68 suna samun tallafin kuɗi. Zuwa 2020 sun koma 21. Amma ra'ayina ba zai biya miki haya ba, don haka mu koma kan abin da ke gabanki.

Abin da ake so ki yi, da abin da ba a nema a wurinki ba

Za a tura ki ofishin kuɗin ciyarwa, wanda daban yake da ofishin da kika nemi tallafi ko da kuwa hukuma ɗaya ce ke riƙe da su. Can za a tambaye ki cikakken sunansa, ranar haihuwarsa, adireshin da kika sani na ƙarshe, inda yake aiki, lambarsa ta soshiyal, wato Social Security, in kin san ta, da takardun haihuwar yaran. Daga nan sai ranar kotu. Wannan shi ne haɗin kan. In kin ba da abin da kika sani kin kuma halarta, kin sauke naki, ko da an neme shi an rasa, ko da an yanke masa ya ƙi biyan ko sisi.

A cikin matan da na raka, waɗanda aka rage wa tallafi da wuya ki samu wadda ta tsaya ta ce na ƙi. Yawanci wasiƙa ce ta je tsohon adireshi, ko ta zo da Turanci aka ajiye ta a kan firji ana jiran wanda zai karanta, ko ranar ta faɗo kan ranar aiki aka ji tsoron neman izini. Kwamfuta ba ta san uzuri ba, abin da ta sani shi ne ba ki zo ba. Saboda haka duk takardar da ta zo ki buɗe ta a ranar, ki ɗauki hotonta a waya. In ba za ki samu zuwa ba ki kira tun kafin ranar a sake miki wata, ki rubuta sunan wanda kuka yi magana da shi. Ki nemi tafinta tun a bakin ƙofa, kyauta ne, kuma kada ki yarda a mai da ɗanki tafinta a maganar da ta shafi ubansa.

Maganar auren masallaci kada ta dame ki ta wannan fuskar. Haƙƙin yaro a kan ubansa a dokar Amurka bai rataya ga rajistar aure ba. Abin da ofis ke so shi ne a tabbatar a takarda cewa shi ne uban. In ya sa hannu a takardar amincewa da ake kawowa a asibiti bayan haihuwa, an gama wannan tun tuni. In bai sa ba, zai iya amsawa da bakinsa gaban alƙali. Gwajin jini, wanda yanzu da ɗan auduga ake shafo cikin kumatu, ba a zuwa gare shi sai in ya musa ko an samu shakka. Na faɗi wannan ne don na san yadda maganar gwaji ke yi wa mace 'yar mutunci zafi. Ki sani mataki ne na takarda da ake bi da kowa, ba zargi ba ne a kanki.

Lissafin kuɗin

Nan ne ya kamata ki zauna da biro, domin shawarar ta lissafi ce kafin ta zama ta zuciya.

A birnin New York mafi yawan abin da gida mai mutum uku ke samu na tallafin kuɗi shi ne dala 789 a wata, kuma ke da kike da ɗan albashi ba lallai ki kai haka ba. A ce ma cikakken kike samu, hukuncin kashi 25 zai cinye kusan dala 197 duk wata, kuma zai ci gaba har ranar da kika je kika cika sharaɗin. New York ba ta yanke wa gida duka a kan wannan, amma akwai jihohin da ke yi.

Ta ɗaya ɓangaren kuma, ba duk abin da ya biya ne gwamnati ke riƙewa ba. Tun 1984 doka ta ce a miƙa wa uwa dala 50 na farko. Dokar 1996 ta soke wannan wajibcin ta bar wa jihohi zaɓi, sannan wata doka da aka sa wa hannu a farkon 2006 ta ce tarayya za ta yafe kasonta in jiha ta miƙa wa iyali har dala 100 ga yaro ɗaya ko 200 ga yara biyu zuwa sama. New York tana bin wannan. Ma'ana, ke mai yara biyu, dala 200 na farko da ya biya a cikin watan da ya wajaba a kansa taki ce, kuma ba za a rage tallafin kuɗinki saboda ita ba, ko da yake ana lissafa ta a wajen katin abinci. Kin ce dama abin da yake kawowa in ya kawo 200 ne. To in ta ofis ya riƙa biyan wannan, ba ki yi asarar komai ba, sai ma dai abin ya zama na kowane wata maimakon na ganin dama.

Inda abin ke ciwo shi ne sama da haka. Ƙa'idar New York kashi 17 cikin ɗari ne na kuɗin shigar uba ga yaro ɗaya, 25 ga biyu, 29 ga uku, 31 ga huɗu, kuma har yaro ya kai shekara 21. A ce, misali kawai, bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, yana samun dala 2,400 a wata. Za a yanke masa 600. Ke ki ga 200, sauran 400 jiha da tarayya su raba a matsayin maido da tallafin da aka ba ki. Shi yana ganin an cire masa 600, ke kina ganin 200, kowa na zargin ɗan'uwansa. Na ga zumuncin da ya tsira daga saki amma wannan lissafin ya kashe shi, don kawai ba wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

An kuma gwada an gani cewa riƙewar tana kashe wa iyaye maza gwiwa. A ƙarshen shekarun 1990 jihar Wiskonsin ta gwada miƙa wa wasu iyalai duk kuɗin, masu bincike na jami'ar jihar da ke Madison suka bi sawu, suka tarar iyayen da suka san kuɗin na isa hannun 'ya'yansu sun fi biya. Jihar Kolorado ta fara miƙa duka tun watan Afrilun 2017. Ba abin mamaki a ciki, mutum ya fi sakin hannu in ya san takalmin ɗansa zai saya.

Akwai abu biyu da ke sassauta lamarin. Gwamnati ba za ta riƙe fiye da jimillar tallafin da ta ba ki ba. Kuma ranar da kika fita daga tallafi, kuɗin kowane wata gaba ɗaya naki ne, ofishin zai ci gaba da karɓo miki sai in ke kika ce a rufe. Shi ya sa wasu matan, in suka ga abin da aka yanke wa uban ya kusa kai tallafin ko ya fi shi, sai su rufe tallafin su riƙe kuɗin ciyarwar, su kuma adana watanninsu 60 don wata rana.

Katin abinci da Medicaid

Nan hankalinki ya kwanta. Medicaid na yaranki ba a taɓa shi saboda abin da kika yi ko kika ƙi yi, wannan dokar tarayya ce a duk jihohi. Naki na kanki shi ne ke da sharaɗin taimakawa a nemi uban ya ɗauki nauyin lafiyar yaran in yana da hali, kuma mace mai ciki an ɗauke mata wannan. Katin abinci na SNAP kuwa, dokar 1996 ta bar wa jihohi zaɓin sa sharaɗin, kaɗan ne suka sa, irin su Kansas da ta fara a 2015, kuma ko a can babban da ya ƙi ake cirewa daga lissafi, ba yaran ba. New York ba ta sa ba. WIC, tallafin abinci na masu ciki da ƙananan yara, babu wannan sharaɗi a cikinsa ko kaɗan.

Wannan ya buɗe miki wata ƙofa ta halal. In kin auna kin ga ɗan abin da za a ba ki na kuɗi bai kai rigimar da zai jawo ba, kina da ikon janye neman tallafin kuɗin kaɗai, ki riƙe katin abinci da Medicaid na yara. Ba laifi ba ne, ba kuma zamba ba ce. Sai dai ki yi lissafin da idon basira, kada ki bar kuɗin haya saboda maganar mutanen da ba za su turo miki ko dala ɗaya ba in mai gida ya kai ki kotu.

"Ban san inda yake ba"

Kada ki faɗi haka alhali kin sani. Wadda da gaske ba ta sani ba, akwai takardar da take sa wa hannu bisa rantsuwa cewa iyakar saninta ke nan, kuma ana karɓa. Amma rantsuwa ce, ƙarya a cikinta laifi ne, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne a ƙasar da komai ke cikin kwamfuta. Sunansa na kan takardar haihuwar yaran. Yana da lasisin tuƙi, yana cike takardar haraji, wataƙila ma yana sa yaran a cikinta don a dawo masa da kuɗi. Tun dokar 1996 duk kamfanin da ya ɗauki sabon ma'aikaci sai ya kai sunansa cikin kwana 20, sunayen kuma suna taruwa a rumbu guda na ƙasa. Za a same shi ba da taimakonki ba, sannan a dawo kanki da tuhumar zamba da biyan abin da kika karɓa. In kuma takardunki na zama ba su kammala ba, tabon ƙarya ga hukuma ya fi ragin dala 197 tsada nesa ba kusa ba.

Haka nan kuɗin da yake ba ki hannu da hannu. Da zarar kin shiga tallafi dole ki bayyana shi. Bayan an yanke hukunci kuma, duk abin da ya ba ki a bayan fage ba ya shiga lissafinsa, ana iya ɗaukarsa kyauta, bashi na ci gaba da hawa kansa kamar bai ba da komai ba. Kayan sallah alheri ne, Allah ya saka masa, amma ba sa rage ko sisi daga abin da kotu ta rubuta.

In akwai tsoro

Ba ki ce yana dukanki ba, ni ma ba zan ɗora masa abin da ba ki faɗa ba. Amma dole in yi wannan bayani, domin mata da yawa ba sa faɗa a tambayar farko, kuma wasu za su karanta wannan amsar.

Doka ta yarda a ɗage sharaɗin gaba ɗaya in bin sa zai jawo cutarwa ta jiki ko ta hankali ga uwa ko yaro, ko in cikin ta hanyar fyaɗe aka same shi, ko ana cikin maganar ba da yaron riƙo ta kotu. Dokar 1996 ɗin kanta ta ba jihohi damar sassauta wa matan da ke fuskantar cin zarafi a gida, kuma a New York kowane ofishin tallafi yana da ma'aikaci na musamman kan wannan, wanda za ki gana da shi a keɓe. Ana karɓar rahoton 'yan sanda, takardar kotu ta hana kusanta, takardar asibiti, wasiƙar gidan fakewa, ko shaidar wanda ya san halin da ake ciki, har limami. Wadda ba ta da ko ɗaya, bayaninta bisa rantsuwa ana duba shi. Muddin ana kan binciken uzurin, ba a rage tallafi. Akwai kuma hanya ta tsakiya, a ci gaba da neman kuɗin amma a ɓoye adireshinki, kuma ba sai kun haɗu a ɗaki ɗaya ba.

Matan da ke amfani da wannan dama kaɗan ne ƙwarai in aka kwatanta da waɗanda suka cancanta. Takardar tana cikin tarin da ake miƙo wa mutum ya sa hannu cikin gaggawa, ga kuma kunya irin tamu, mace ta gwammace ta haɗiye da ta faɗa wa baƙo sirrin ɗakinta. Surutun dangi shi kaɗai ba ya zama uzuri a wurinsu. Amma barazanar duka, ko ta cewa zai kwashe yaran ya kai gida ba za ki sake ganinsu ba, ko ta cewa zai kira miki jami'an shige da fice, waɗannan ki faɗe su yadda suke. Layin taimako na ƙasa kan cin zarafi a gida shi ne 1-800-799-7233, dare da rana, kuma suna haɗa mutum da tafinta.

In har an rage miki bisa kuskure, kina da haƙƙin a saurare ki gaban alƙalin hukuma. Wannan haƙƙi ya kafu ne tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1970 a shari'ar Goldberg da Kelly, wadda daga nan New York ta taso. Kina da kwana 60 ki nema, amma in kika nema kafin ranar da takardar ta ce ragin zai fara, tallafin zai ci gaba yadda yake har a yanke hukunci. Kwanakin nan na farko su ne masu tsada.

Shi baban yaran, da mutanen gida

In tsakaninku akwai magana kuma babu tsoro, shawarata ki sanar da shi da bakinki ko ta bakin wani babba da yake jin nauyi, kafin sammaci ya same shi. Ba don neman izininsa ba, sai don abin da ya fi halaka maza a wannan harka shi ne fushi da ƙin zuwa kotu. In bai zo ba, alƙali zai yanke bisa abin da ke gabansa, kuma sau da yawa adadin ya fi ƙarfinsa. A New York lissafin yana komawa baya har ranar da yaran suka shiga tallafi, don haka tun ranar farko zai tarar da bashi. Wata dokar tarayya ta 1986 kuma ta hana alƙali rage bashin da ya riga ya taru. Daga ranar da mutum ya shigar da buƙatar ragi kawai ake iya sassautawa. Bashin kuɗin ciyarwa a Amurka ya haura dala biliyan 100, kuma wani bincike na cibiyar Urban a jihohi tara ya nuna kusan kashi 70 cikin ɗari nasa yana kan mutanen da ba su da kuɗin shiga a rubuce ko ba sa samun dala 10,000 a shekara. Yawancinsu ba attajirai ne masu ɓoye dukiya ba, mutane ne da aka yanke wa abin da ba za su iya ba suka yi shiru.

Ga mai tuƙi abin ya fi muni, domin in bashin ya kai na wata huɗu ana iya dakatar da lasisinsa, abincinsa ke nan da na yaranki. In ya kai dala 2,500 kuma yana da fasfo na Amurka, ba za a sabunta masa ba, babu zuwa gida, babu Hajji. Ana kuma kama kuɗin harajin da ake dawo masa da shi. Ɗauri yana yiwuwa, har wata shida a New York, amma sai an tabbatar yana da hali ya ƙi da gangan. Kotun Ƙoli a 2011, a shari'ar Turner da Rogers, ta ce dole a binciki ikon biyan mutum kafin a tsare shi. Duk wannan yana kaucewa in ya zo da takardun harajinsa da lissafin abin da yake kashewa a mota, mai da inshora da gyara, aka yanke masa daidai ƙarfinsa. Wanda samunsa ke ƙasa da layin talauci, dala 25 a wata ake yanke masa a New York. Kuna ma iya zama a ofishin ku daidaita kan adadi bisa ƙa'ida, alƙali ya tabbatar, ba tare da jayayya a zauren kotu ba. Abin da ba za ki iya ba shi ne ki yafe masa, domin muddin kina cin tallafi haƙƙin ba a hannunki yake ba.

Wannan ma shi ne amsarki ga danginsa. A takardar kotu, mai ƙara kwamishinan jin daɗin jama'a ne, ba ke ba, kuma lauyan da zai tsaya a can lauyan hukuma ne, ba naki ba. Ke neman abin da za ki ciyar da jikokinsu kika je yi. In kuma ta addini suka ɓullo, ciyar da 'ya'ya da tufatar da su a kan uba yake ko an rabu, aya ta 233 a Suratul Baƙara ta faɗa, kuma Hindu 'yar Utba ta kai kukan ƙwauron Abu Sufyan gaban Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, bai ce ta tona asirin miji ba, ya ce ta ɗauki abin da zai ishe ta da ɗanta bisa kyautatawa. Ko a gida, matar da tsohon miji ya bar wa yara ba ci ba sha, gaban alƙali take zuwa a yanka masa na wata.

Ki sa a ranki cewa wasu mazan in sammaci ya zo sukan rama da shigar da ƙarar neman riƙon yara. Shari'ar kuɗi daban, ta riƙo daban, biyan kuɗi ba ya ba shi yaran, rashin biya kuma ba ya hana shi ganinsu. Amma in kin ji ƙishin-ƙishin ɗin haka, kada ki jira.

Abu biyu ne ba zan yanke miki a nan ba, don sai an ga takardunki. Na farko matsayinki na zama: dokar 1996 ta hana yawancin masu katin zama, wato green card, tallafin tarayya a shekaru biyar na farko, ko da yake yaran da aka haifa a nan 'yan ƙasa ne kuma suna da haƙƙinsu, sharaɗin haɗin kai kuma yana kanki ko da sunan yaran kaɗai ne a tallafin. Karɓar tallafin kuɗi da sunanki na iya shafar neman katin zama nan gaba, ƙa'idar kuma tana sauyawa da sauyin gwamnati. Na biyu, in shi ne ya yi miki takardun zuwa ya sa hannu a alƙawarin ɗaukar nauyi, wannan alƙawari saki ba ya warware shi, kuma wani haƙƙi ne daban da na yaran. Duka biyun ki kai su ofishin lauyoyin kyauta na masu ƙaramin ƙarfi, akwai su a Bronx, ki tafi da takardun haihuwar yaran, da takardar albashinki ta watannin nan, da duk wasiƙar da ofishin tallafi ya aiko miki, kafin ranar da aka sa miki a ofishin kuɗin ciyarwa ta zo.